Mai Sikeli Zai Koma Inda Bai Taɓa Zuwa Ba

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene a bakin kasuwa, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwa ya taɓa bango da bango ba. Shekara arba'in da ɗaya mutum guda ne yake buɗe shi da safe. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Mai Sikeli ake ce masa, har matarsa in ta so tsokana haka take kiransa. Gyaran sikeli ne sana'arsa: na mahauta mai ƙugiya, na masu hatsi mai faranti biyu, na asibitin haihuwa da ake kwantar da jarirai a kai suna tsala ihu, da ɗan mitsitsin nan na maƙeran zinariya wanda numfashi ma kan motsa shi.

A bayan teburinsa akwai akwatin katako, an shimfiɗa masa koren ƙyalle da ya koɗe. A ciki duwatsun awo ne na tagulla, kowanne a raminsa, tun daga na kilo ashirin har zuwa na giram ɗaya da ba ya taɓawa sai da hantsaki, don ya ce gumin yatsa ma nauyi ne. In aka kawo masa sikeli ba ya saurin ɗaukar sukudireba. Sai ya ajiye shi a kan tebur, ya sauke duk abin da ke kansa, ya zuba wa allurar ido. In ba ta tsaya daidai a kan sifiri ba, to an fara gano cutar. Sau da yawa ’yan kasuwa sun zo masa da murya ƙasa-ƙasa, a ɗan taɓa musu sifirin yadda kilo zai riƙa cika da wuri. Ba ya faɗa, ba ya wa'azi. Yakan ce bai iya wannan ba, maigidansa ya mutu bai koya masa ba.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsu ya rasu. Wansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha huɗu, shi ya ɗauke shi. A lokacin Yaya kwandasta ne a motar haya, daga baya ya zama direban bas mai dogon zango. Shi ya ciyar da shi, shi ya saya masa takalminsa na farko, shi kuma ya kama hannunsa wata safiya ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran sikeli, ya ce a koya masa sana'ar da ake yi a zaune, mutum ɗaya a gidansu ya isa yawo. Haka kuwa aka yi. Yaya ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, ya san garuruwa da ramukan hanyarsu. Ƙanen kuwa bai taɓa yin tafiyar da ta kai shi kwana uku a waje ba. Har yau da furfura ta cinye kansa, Ƙarami Yaya yake ce masa.

Yanzu Yaya ya haura tamanin, idanunsa sun tafi shekara tara da suka wuce. Yana zaune a ɗakin ƙofar gida a wurin babban ɗansa, layi uku tsakaninsu da gidan Mai Sikeli. Ɗakin ba shi da tarkace: gado, kujerar roba, rediyo, da taga guda wadda rana ke shigowa ta cikinta da hantsi ta kwanta masa a gwiwa. Da wannan ɗumin yake gane lokaci. Tun da wani wanzami ya yanke shi a bayan kunne ya rantse ba mai sake ɗora masa aska sai ƙanensa. Saboda haka kowace Asabar shagon ba ya buɗewa sai sha ɗaya. Mai Sikeli yakan zo da reza da sabulu da ɗan tawul, ya aske masa kai, ya rage gemu, ya durƙusa ya yanke masa farcen ƙafa. Yaya yana ba da labarin hanyoyin da ya bi, yana kushe direbobin yanzu, yana ce masa ya yi a hankali, kai ne ba farantin sikeli ba.

’Ya ɗaya Allah ya bar wa Mai Sikeli da matarsa, wadda unguwa ke kira Inna. ’Yar ma'aikaciyar jinya ce, ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa shekara goma sha biyu da suka wuce, can ta haifi ’ya’yanta uku. Iyayen ba su taɓa zuwa ba. A waya suka san ƙasar: wani gida a hawa na biyar, titi mai tsabta da ba kowa a kansa, bishiya a bakin taga wadda rabin shekara ba ta da ganye ko ɗaya. ’Yar ta ce akwai watannin da rana ba ta faɗuwa sai mutane sun yi shirin barci, akwai kuma waɗanda take faɗuwa tun yara ba su taso daga makaranta ba. Mai Sikeli ya ce lallai ranar can tana bukatar gyara.

Da ƙodar Inna ta fara ba da matsala, maganar ta sauya. ’Yar ta yi shekara biyu tana bin takardu, tana turo fom a cike, a sa hannu, a ɗauki hoto ba murmushi. Ta ce Baba ya yi aiki ya isa, ya yi ritaya, su zo su zauna kusa da ita inda za ta iya duba mahaifiyarta da idonta. Ya yi dariya, ya ce mutumin da ba shi da shugaba wa zai yi masa ritaya? Amma shi ma ya san hannunsa ya fara rawa a kan ƙananan sukurori, kuma sikelin zamani mai batir in ya lalace ba a kawo shi gyara, a bola ake jefa shi. Wata rana takardun suka fito. Izinin zama ne, ba na ziyara ba. Tikitin da ’yar ta saya na tafiya ne kawai. Likita kuma ya riga ya faɗa musu cewa jikin Inna ba na yawan hawa jirgi ba ne, in ta je ta je ke nan.

A kasuwa ya fara faɗa wa mutane. Kalmar da ta zo bakinsa ita ce wadda kowa yake amfani da ita in zai tashi daga gida: za su koma can wurin yarinyar. Wani mahauci da suka saba, mai bakin tsiya, ya ajiye wuƙa ya tambaye shi yaushe ya taɓa zuwa da har zai koma, shi da ko tashar jirgi bai san hanyarta ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da ya zauna a shago maganar ta ƙi barinsa. Gaskiyar mahauci ce. Mutum yana komawa inda ya fito ne, inda ya bar takalmi ko ya bar uwa. To amma haka ake faɗa, ko sabon gida ne da ko fenti bai bushe ba, sai a ce wane ya koma can. Kamar harshe yana jin tausayin mai tashi, ba ya son ya tura shi wurin da ba a san shi ba, sai ya yi masa ƙaryar alheri cewa dā ma daga can yake. Ya gwada wasu kalmomin a ransa. Ƙaura ta yi masa kama da ta wanda gobara ta kora. Tafiya kuwa ba ta faɗi komai ba, kowa ma tafiya yake yi. Ya zauna a kan komawa.

Mutum ɗaya ne bai ji wannan kalmar daga bakinsa ba. Ga Yaya, cewa ya yi za su je su duba yarinyar nan, Inna ta ga likita. Yaya ya tambayi wata nawa. Ya ce kamar uku. Bai shirya faɗin haka ba, bakinsa ne ya riga shi, yana tsaye a bayan tsohon da reza a hannu yana kallon jijiyoyin da suka fito a ƙeyarsa. Daga nan ya bi ɗan Yaya da matarsa ya roƙe su kada su ce komai. Suka yarda da sauri, don su ma suna tsoron ranar. Tsohon da ba ya gani, wanda makonsa gaba ɗaya yake rataye a kan safiyar Asabar, ta ina za a fara gaya masa?

Inna ce kawai ba ta yarda ba. Da tafiyar ta matso, tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwa ta ce, “Kai da ba ka barin allura ta karkace da giram biyar, yau kai ne kake auna wa ɗan’uwanka wata uku?”

Ya ce zai faɗa masa, lokaci yake jira.

Ta ce, “Lokacin yana da tikiti shi ma, ranar Talata ta ƙarshen wata zai tashi.”

Aka shiga haɗa kaya. Kowannensu jaka biyu aka yarda masa, kowace kada ta wuce kilo ashirin da uku. A nan sana'arsa ta zame wa Inna masifa. Sai ta cika jaka ta danne ta da gwiwa ta ja zif, shi kuma ya zo ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ɗan lumshe ido, ya ce ashirin da huɗu da rabi. Ta ce hannunsa ya tsufa. A ɗora a sikeli, a ga ashirin da huɗu da rabi. Ta fitar da tukunyar da ta yi shekara talatin tana dafa masa shayi a ciki, ta mayar, ta fitar da bargo, ta tuna sanyin da ake faɗa, ta mayar da bargon ta sake fitar da tukunyar. Ashe zaman aure na shekara arba'in da ’yan kai yana da nauyi ƙwarai in aka ce a ɗaga shi. Shi nasa kayan ba su cika jaka ɗaya ba. Akwatin duwatsun awo kuwa shi kaɗai ya kusa cinye jaka biyu. Ya yi tunanin ya zare ƙarami guda ya sa a aljihu, sai ya ga ramin da zai bari a koren ƙyallen, ya fasa. Ya sa aka ɗora akwatin a baro aka kai wa wani mai gyaran sikeli a ɗaya kasuwar, mutumin da suka shekara talatin suna kushe aikin juna. Mutumin ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce na kilo biyar ɗin yana bukatar gogewa. A gaban mutane iyakar godiyar da ya iya ke nan.

Saura Asabar uku, bakinsa ya sake riga shi. Yana durƙushe yana yankan farce, Yaya ya tambaye shi ko yaran can suna jin magana irin tamu. Ya ce kaɗan-kaɗan, amma in sun koma zai zaunar da su ya koya musu.

“In kun koma?” in ji Yaya. “Ka taɓa zuwa ne ban sani ba, Ƙarami?”

Ya ce tuntuɓen harshe ne, in sun je yake nufi. Yaya ya ce haka ne, tsufa ba ya barin harshe ma. Ya miƙo ɗaya ƙafar. Bai ƙara ba da labarin hanya ba ranar, ya ce a kunna masa rediyo.

Abin da ya hana Mai Sikeli sukuni a kwanakin da suka rage ba tsoron jirgi ba ne, ba kuma sanyin da ake ba shi labari ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Ya je wurin mai benen da ya ba shi ƙarƙashin matakala, da maƙwabtansa na shago, har da mahaucin nan mai bakin tsiya. Kowa ya ce masa ya yafe masa in ya taɓa saɓa masa, shi ma ya ce a yafe masa, kamar yadda mutane ke yi in sun san mai yiwuwa ba za a sake haɗuwa ba. To ga mutumin da ya fi kowa hakki a kansa, wanda ya ciyar da shi tun bai san hannun damansa ba. Ba zai iya hawa jirgi bai nemi yafiyarsa ba. Kuma ba a neman yafiya irin wannan don tafiyar wata uku. In ya buɗe baki ya nema, ya faɗi komai ke nan. In ya yi shiru, zai bar Yaya yana ƙirga Asabar goma sha biyu da ɗumin rana a gwiwarsa, yana sauraron takun da ba zai zo ba.

Asabar ta ƙarshe ya zo da wuri. Ya tarar an share ɗakin, Yaya ya riga ya zauna a kujerar roba ya cire hula. Suka gaisa, ya tambayi jikin Inna, aka ce da sauƙi. Mai Sikeli ya ɗaura masa tawul a wuya, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu. Ya fara daga dama kamar kullum. Rezar tana tafiya a hankali, tana barin fata mai sheƙi a bayanta, ba a jin komai sai ɗan kukanta da muryar wata mata can waje tana kiran ɗanta. Ya kai tsakiyar kai, hannunsa ya ƙi ci gaba. Ya ajiye rezar a bakin taga, ya zagayo gaba, ya durƙusa duk da gwiwoyinsa ba sa son haka.

Ya ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Tsohon ya ɗan karkata kai wajen muryar. “Me ka yi? Ka yanke ni ne ban ji ba?”

“A'a. Duk abin da na taɓa yi maka nake nufi. Tun ina yaro.”

“Don tafiyar wata uku? Ni da nake tafiya in yi wata biyu a hanya, ka taɓa jin na tara ku ina neman yafiya? Tashi ka ƙarasa mini aski.”

Ga ƙofa an buɗe wa Mai Sikeli, in ya so ya bi ta ya fita lafiya. Ya dubi fuskar. Rabin kai fari da kumfa, rabi a aske, idanun a buɗe suna kallon wani wuri sama da kafaɗarsa. Bai tashi ba. Ya ce ba wata uku ba ne. Ya ce takardun na zama ne, ya sallami shago, ya ba da duwatsun awo, gidan ma an samu wanda zai shiga. Ya ce likita ya ce Inna ba za ta iya zirga-zirga ba, shi kuma ba zai bar ta ba. Ya ce bai sani ba ko zai sake taka ɗakin nan. Duk ya faɗe su a jere, da murya ɗaya, yadda yake gaya wa mai kaya abin da ya lalace a sikelinsa.

Yaya ya gyara zama a kujerar. Kumfar ta fara bushewa a kansa. Sannan ya ce shi ido ya rasa, ba kunne ba. Wata huɗu ke nan duk wanda ya shigo ɗakin yana yi masa magana da taushi kamar mai jinya, jikokinsa suna yin shiru in an ambaci tafiyar, surukarsa tana ƙara masa sukari a shayi ba dalili. Ya ce ya yi shekara talatin da biyar yana ɗaukar fasinja, tun daga yadda mutum yake sallama a tasha yake gane mai zuwa ya dawo da wanda ya tafi ke nan.

“Ina ta jira in ji ko za ka faɗa mini da bakinka, ko sai dai in ji a bakin yara bayan jirginku ya tashi.”

Mai Sikeli ya ce tsoro ya ji.

“Tsoron me? In hana ka? Matarka ba ta da lafiya, ’yarka ta kira ka. In ka zauna saboda kan tsoho, ni zan fara zaginka.” Ya laluba ya samo kafaɗar ƙanensa, ya bar hannun a nan. “Tafiyar na yafe. Abin da ka yi kana yaro ma na yafe, har agogona da ka kwance ka kasa mayarwa. Ni ma ka yafe mini, na doke ka a wasu wuraren da ba ka da laifi.”

Mai Sikeli ya ce ya yafe.

“Amma wata huɗun nan da ka mayar da ni yaron goye, kana auna mini abin da zan iya ɗauka, wannan ban yafe ba tukuna. Sai na yi tunani.”

Mai Sikeli ya ɗago kai. Ya ce ranar Talatar nan za su tashi, yaushe zai gama tunanin?

“Ina na sani? Ni mai saurin tunani ne? In kun sauka ka sa yarinyar nan ta haɗa mu a waya ka tambaye ni. In ban gama ba ka sake bugowa wani makon. Ka riƙa tambaya dai.”

Bakin tsohon bai yi murmushi ba, sai dai hannun da ke kan kafaɗar ya ƙara matsewa, har yatsun suna nitsewa a cikin riga. Suka zauna haka, rana ta hau daga gwiwar Yaya zuwa cinyarsa. Can ya janye hannun, ya ce a tashi haka nan, sabulu yana cin masa kai, kuma ba zai yarda a bar shi da rabin aski mutane su ce ya haukace ba.

Mai Sikeli ya dafa gado ya miƙe. Ya sake jiƙa kan, ya sake shafa sabulu a ɓangaren hagu. Da ya gama ya leƙa tsakar gida ya kira ɗan Yaya, mutum mai shekara hamsin da ’ya’ya biyar, ya ce ya zo ya ga yadda ake bi ta bayan kunne, inda fatar take da laushi, da yadda ake ja ta da babban yatsa kafin a ɗora reza. Yaya ya ce wannan ko fensir bai iya feƙewa ba, za su kashe shi ne kawai. Amma ya sunkuyar da kai, ya bari aka nuna.

Ranar Talata suka tashi. A tashar jirgi mai karɓar kaya ta ce jakar Inna ta wuce da ɗan kaɗan, amma ta bari ta shige. Jirgin ya ɗaga, garin ya ƙanƙance a taga har ya zama kamar zanen yara, gajimare ya rufe shi. Inna ta yi barci da kanta a kafaɗarsa. Shi kuwa yana zaune a miƙe, bel a ɗaure, yana lissafin bambancin awanni tsakanin can da nan, don ya san ƙarfe nawa zai tashi ranar Asabar in yana so ya samu Yaya da hantsi.